Kiwon Abin da Ido Ba Ya Gani

Sunana Haladu, daga wani ƙauye tsakanin Shanono da dam ɗin Watari. 'Ya'yana ne suka matsa mini in rubuta labarin zamana a ƙasar Larabawa, domin sun gaji da jin sa gutsi-gutsi a ƙofar gida, kuma sun lura duk sanda na zo wani wuri sai in ce lokacin salla ya yi. Bokona bai wuce aji bakwai na firamare ba, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutun. Wannan karon zan faɗe shi duka, har da wurin da nake tsallakewa.

Sana'ata tun ina saurayi kiwon raguna a turke. Da ita wani ejan a Kano ya kama ni. Ya ce wani attajirin Balarabe ne yake da garke, yana neman dattijon da ya san yadda ake sa rago ya yi ƙiba. Uwar 'ya'yana ta ce mutumin idonsa bai kwanta mata ba. Na ce mata harkar ƙasashen waje ba ta mata ba ce.

Jirgi ya sauke mu da hantsi. Tun a wurin binciken kaya aka fara. Na zo da dunƙulen kanwa a jakata, domin ban yarda ƙasar da babu kanwa za ta iya kiwon kirki ba. Ma'aikacin ya ɗaga ta yana juyawa, ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. Larabcina na allo ne, ba shi da kalmar kanwa. Da na ga abin zai yi tsawo sai na karɓa na lasa a gabansu, na yi kukan rago sau biyu. Suka dubi juna, suka ƙwace kanwar, suka bar ni na wuce.

A waje babu attajiri, babu ɗan aikensa. Na zauna a kan jakata har la'asar. Can wata farar bas ta zo, wani mutum ya karanta sunaye daga takarda, na ji wani abu mai kama da nawa, na shiga. Aka kai mu wani dogon gini a bayan gari, ɗaki ɗaya mutum takwas, gado a kan gado. Da safe aka ba ni riga da wando masu launin shuɗi, irin waɗanda rabona da su tun ina firamare. Na tambayi shugaban aikin ina ragunan suke. Ya miƙo mini bokiti da sandar goge ƙasa. Ashe kamfanin shara ne. Na kira lambar ejan, wata mace ta ce mini a kashe take, kuma har na baro ƙasar ita ce take ɗauka.

Wanda yake kwana a gadon da ke ƙarƙashin nawa wani ɗan Bangaladash ne, Abdul Karim, mai furfura kamar ni. Da ya ga yadda nake hawa gadon sama ina nishi, sai wata rana na dawo na tarar ya mayar da kayana ƙasa ya koma sama. Shi ya koya mini motar da ake hawa, da yadda ake cin shinkafarsu ba tare da hawaye ba. Hirarmu da guntun Turanci ne da guntun Larabci da hannu. Yakan nuna mini hoton gonarsa, ruwa ko'ina, ni kuma in nuna masa hoton ragona na ƙarshe. Watan farko ban taɓa cin abinci na ƙoshi ba. Ba don babu ba. Tuwo nake nema da miyar kuka, ko da ta kwana ce.

Bayan wata biyu aka tura rukuninmu wata babbar jami'a a bakin teku. Aikina goge doguwar baranda a hawa na uku. Wata rana ƙafar bokitin ta maƙale, ruwa ya zube, na tsaya ina yi masa faɗa da Hausa, har da ambaton iyayensa. Sai na ji an ce a bayana:

"Baba, yi masa da Larabci. Bokitin nan ba ya jin Kananci."

Na juya na ga wata yarinya cikin farar rigar likitoci a kan hijabi, tana riƙe da kwalabe. Ban san lokacin da na saki sandar ba. Na ce, "'Yar nan, daga ina?" Ta ce daga Zariya. Na ce to Allah mai iko, mutum ya ƙetare teku yana neman ɗan'uwa, a rasa wanda za a ba shi sai Bazazzagiya. Ta ce ai gara ni, ita da aka haɗa ta da Bakano, yanzu sai ta fara ƙirga kwalabenta kada a kai su kasuwar Kurmi.

Sunanta Ramlatu. Tana karatun digirin dakta ne, shekararta ta uku ke nan. Mijinta ya rasu, ta bar 'yarta Ummi a wurin mahaifiyarta a Zariya tun yarinyar ba ta iya magana sosai ba. Kullum da azahar sai ta kira ta a waya, kuma kullum yarinyar tambaya ɗaya take yi, yaushe za ki dawo. Ramlatu takan ce da zarar ƙwayoyin halittar da nake bincike a kansu sun gama ba ni amsa.

Mai wanke musu kwalabe ya koma ƙasarsu, sai ta roƙi Farfesanta, wani dogon Bature mai sanƙo, aka ba ni gurbinsa. Na bar baranda na shiga ɗakin bincike mai sanyi. Aikin ba wuya: in wanke kwalabe, in ɗauraye su da ruwa na musamman, idan ta haɗa romon da ƙwayoyin suke ci in ɗauki manyan kwalaben in kai tukunyar tururi da ke ƙarshen baranda a dafa su, in dawo da su. Ta gargaɗe ni abu biyu. Kada in yi alwala da ruwan ɗakin, kuma kada in buɗe kwalbar da aka riga aka dafa. Duka biyun na kiyaye. Abin da ba ta hana ni ba shi na yi.

Wata rana muna shan shayi na tambaye ta wai me ake kiwo a nan, don ni ban ga komai a kwalaben ba sai ruwa. Ta kai ni wurin madubin da yake ƙara girman abu, na leƙa, na ga waɗansu 'yan sanduna suna ta iyo. Ta ce bakteriya ke nan, suna ci, suna haihuwa, har kitse suke yi. Da na ji kitse sai na gyara zama.

Ta ce ruwa da abinci duk akwai wani sinadari a cikinsu, haidurojin, kuma iri biyu ne, mara nauyi da mai nauyi. Mai nauyin kaɗan ne ƙwarai. Idan ƙwayar za ta gina kitsenta sai ta ɗebo sinadarin nan, amma ba ta ɗiba yadda ta same shi, tacewa take yi. Kuma kowace hanyar narkar da abinci da irin rariyarta. Wadda take rayuwa a kan sukari, kitsenta yakan fi ruwan da take ciki rashin nauyi. Wadda take cin wani gishiri mai tsami, ɗan'uwan binega, nata yakan yi nauyi, wani lokaci har ya fi ruwan. Akwai wani inji a ɗaki na gaba, girmansa ya kai firji biyu, shi yake auna wannan. Burinta, in ta tabbatar da haka a kwalba, a riƙa ɗebo tsohuwar laka daga ƙarƙashin teku a auna kitsen da ya rage a ciki, a san yadda ƙwayoyin da suka mutu tun tuni suka rayu.

Na ce mata wannan ai Sarkin Fawan garinmu ya daɗe da sani. In ya feɗe rago, kallo ɗaya zai yi wa kitsen ya gaya maka ɗanyar ciyawa ya ci ko dusa, domin na ciyawa yakan yi ɗorawa-ɗorawa, na dusa fari tas. Ta yi dariya ta ce to shi ke nan, a ba Sarkin Fawa digirin kowa ya huta. Ni kuwa na ji daɗin kaina, na ɗauka na gane komai. Ban riƙe komai ba sai cewa akwai dabbobi a ɗakin, kuma ana so su yi kitse.

Kwalaben layi biyu ne a kan wani inji da yake jijjiga su kamar goyo. Layin hagu masu cin gulukos, garin nan dai da muke dama wa mara lafiya. Layin dama masu cin tsami. Na hagu kwana ɗaya sai ka ga ruwan ya yi kauri kamar farau-farau. Na dama kuwa sai su kwana biyu, uku, ruwan yana nan garau. Kullum na zo gogewa sai in tsaya a kansu. A gidanmu ba a taɓa ɗaure dabba biyu a turke ɗaya a ba ɗaya dusa a bar ɗaya da kallo ba. Mahaifina ya taɓa marina a kan haka ina da gemu. Kuma ina ganin yadda Ramlatu take ɗaga kwalbar dama tana duba ta a fitila, tana tsaki, tana cewa waɗannan su ne suke riƙe ta a ƙasar nan.

Na ce a raina, yarinya ce, ta san boko amma ba ta san kiwo ba. In na gaya mata za ta ji kunya. Gara in taimaka a ɓoye, lada ya fi yawa.

Gwangwanin gulukos yana kan kantar ɗakin. Ranar da ta haɗa romon tsami ta ba ni in kai tukunya, na tsaya a lungu na zuba cokali biyu, na girgiza, na yi bisimilla, na kai aka dafa. Ban buɗe dafaffiya ba, saboda haka a ganina ban karya doka ba. Washegari layin dama ya yi kauri har ya fi na hagu. Ranar na yi aiki ina waƙa. Daga nan duk romon da ya bi ta hannuna sai ya sami cokali biyu, na ranar Alhamis uku, saboda Juma'a ba ma zuwa.

Na zaci za ta yi murna. Sai na ga ta tsaya a gaban kwalaben ta riƙe haɓa. Ta ce ko wata baƙuwar ƙwaya ce ta shiga. Ta duba a madubi, babu baƙuwa. Ta tace kitsen, aikin da yake cin mako biyu, ta kai wa inji. Kafin zuwana ta taɓa aunawa sau ɗaya, kitsen masu tsami ya fito da nauyi yadda ake tsammani. Yanzu ya fito ba nauyi. Ta ce ko gishirin tsamin ne ya lalace, aka sayo sabo. Ta sake, na sake. Ya kuma fitowa ba nauyi. Aka kira mai gyaran inji daga wata ƙasa, ya kwana uku yana kwance shi, ya ce lafiyarsa ƙalau. Duk wannan ina wanke kwalabe ina tausaya mata, ina cewa a raina ai da ba don ni ba da abin ya fi haka lalacewa.

Wata azahar ta zauna da takardar sakamakon a cinya, shayinta ya huce. Ta ce, "Baba Haladu, injin nan cewa yake yi waɗannan sukari suka ci. Ni kuma na san ban ba su ba. To ko ni na haukace, ko aljanun ƙasar nan suna da kanti."

A nan maganar Sarkin Fawa ta dawo mini. Ba ƙiba take nema ba. So take kitsen ya faɗi abin da aka ci, kuma ga shi ya faɗa. Na ce mata, "Allah zai warware, 'yata." Na tashi na shiga banɗaki na daɗe.

Abin da ya kamata in yi a ranar kowa ya san shi. Abin da na yi shi ne na daina zubawa, na yi shiru. Na ɗauka in na janye hannuna komai zai koma daidai, ba wanda zai sani. Komai kuwa ya koma daidai, kuma wannan ne ya ƙarasa ta. Awo na huɗu ya fito da nauyi. Yanzu tana da sakamako huɗu, biyu sun ce gabas, biyu sun ce yamma, daga hannun mutum ɗaya. Ta so ta gwada tsohon romon ta ga me ke ciki, amma an riga an shanye shi, kwalaben kuma ni na wanke su da hannuna, sau uku-uku, yadda ta koya mini.

Farfesa ya kira taron malamai. Ba a kira ni ba, amma mai goge ƙasa yana jin abin da ba a gaya masa ba. Waɗansu sun ce tana rikita kwalabenta, ba ta iya aiki ba. Wani ya ce wataƙila ma lambobin da hannu take rubuta su. Aka tsayar cewa ƙarshen wata Farfesa zai rubuta wa masu ɗaukar nauyin karatunta cewa ba zai ci gaba da ita ba. Ma'ana ta koma Zariya hannu rabbana, bayan shekara uku ba ta ga 'yarta ba, da sunan wadda ake zargi da ƙarya a kan ilimi.

Na gaya wa Abdul Karim a motar komawa masauki. Sai da na yi masa nuni da cokali sau uku kafin ya gane. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya daina, ya ɗora yatsa a leɓe. Ya ce kamfani ba ya son ƙara. In jami'a ta kai ƙarata, sai jirgi zuwa gida. Ya ce ita mai ilimi ce, za ta sami wata ƙofa, mu kuwa wannan ce kaɗai tamu. Ban ga laifinsa ba, don yana da mutum tara a wuyansa. Ni ban da wannan uzurin. Abin da nake tsoro shi ne in sauka a tashar Shanono da jaka ɗaya, uwar 'ya'yana ta dube ni ba ta ce komai ba.

Mako uku na yi a haka. Ina gaishe ta, ina dafa mata shayi, ina ce mata ta yawaita addu'a. Har na ba ta wata addu'ar neman bayyanar gaskiya da na koya wurin malaminmu. Ta rubuta a takarda ta gode. Ina jin tana karantawa a hankali a gaban kwalaben, ni kuma ina bayanta da tsumma, ina fatan kada a karɓa da wuri.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, da safe, ta ce in samo mata kwali babba. Na kawo. Ta fara zuba littattafanta. Da ta zo kan butar shayinta ta lantarki da kofuna biyun da muke sha da su, sai ta miƙo mini.

"Riƙe wannan, Baba. Duk ginin nan kai kaɗai ne ba ka taɓa yi mini kallon maƙaryaciya ba."

Na karɓi butar. Na ajiye ta. Na ce, "Ramlatu, zauna."

Ban taɓa kiran sunanta kai tsaye ba sai ranar, kullum 'yar Zazzau nake cewa. Ta zauna. Na gaya mata tun daga cokalin farko. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana kallon layin dama, sannan ta tambaye ni tun yaushe na gane. Na so in ce jiya. Na ce mako uku da suka wuce, har da 'yan kwanaki.

"Gulukos ɗin na yafe," in ji ta. "Mako ukun ne ban sani ba tukuna. Tashi mu je."

Ofishin Farfesa yana ƙarshen baranda. Turancina ba zai ɗauki wannan kaya ba, saboda haka ita ce ta zama tafinta. Ka ga mutum yana tona wa kansa asiri, wadda ya cuta tana juya masa magana. Na fara da gaisuwa da tambayar iyali, ta ce wannan ba sai ta fassara ba. Na kawo tarihin mahaifina da turke, ta taƙaita shi a kalma biyar. Na ce ki gaya masa niyyata alheri ce. Ta ce, "Zan gaya masa abin da ka yi. Niyyar ka riƙe ta, za ta yi maka amfani a lahira."

Farfesa ya saurara, sanƙonsa yana ƙara ja. Na jira tsawa. Sai ya jawo takarda ya yi tambaya, Ramlatu ta ce wai cokali nawa. Na ce biyu. Wai wane irin cokali, kuma a cike ko a shafe. Na ce a cike mana, wa yake ba mara lafiya shafaffen cokali. Na ƙara da cewa ranar Alhamis uku ne. Ya tambayi dalili. Da ta gaya masa saboda hutun Juma'a ne, ya kife fuskarsa a kan tebur, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka yake yi. Da ya ɗago ya goge ido, ya ce shekara talatin yana wannan aiki, bai taɓa samun wanda ya ji tausayin bakteriya ba. Daga nan fuskarsa ta koma yadda take, ya ce maganar baki ba hujja ba ce. Mai yiwuwa tsoho ne yake son ya ceci 'yar ƙasarsu. Sai an gwada.

Washegari aka tara malaman nan a ɗakin bincike, har da wanda ya ce da hannu take rubuta lambobi. Aka ba ni cokalina. Na ɗebo yadda na saba, aka juye a kan sikeli aka rubuta nauyinsa, sannan na zuba a romon tsami na girgiza. Bisimillar ma sai da na yi, don Farfesa ya ce kada in canja komai. Aka haɗa wani romon da ban taɓa ba, aka kulle duka biyun a ɗakin da ba ni da makullinsa. Aka dakatar da wasiƙar.

Mako biyu da rabi ana jira. A cikinsu Ramlatu ba ta ce mini komai ba sai amsa sallama. Ranar da sakamako ya fito, wanda ban taɓa ba ya yi nauyi, nawa kuwa ya faɗa daidai inda na biyu da na uku suka faɗa. Malamin nan mai zargi ya zo har teburinta ya ba ta haƙuri a gaban mutane. Ni ina bakin ƙofa da bokiti. Ban taɓa jin daɗin a tabbatar da laifina ba sai ranar.

Amma wata biyar na aikinta sun tafi, dole ta sake su daga farko. Na ji ta a waya da azahar tana gaya wa Ummi ba wannan sallar ba, sai ta gaba. Na ji muryar yarinyar ta ce, "Ai haka kika ce waccan." Wannan maganar har yau takan tashe ni daga zaune.

Dokar jami'a ta ce dole a sanar da kamfani. Farfesa ya rubuta cewa ni na kawo kaina, amma duk da haka aka fitar da ni daga ɗakin sanyi aka kai ni filin ajiye motoci, inda rana take dafa mutum ta tafin takalmi. Aka kuma ce in kwantiragina ya ƙare ba za a sabunta ba. Abdul Karim bai ce ai na gaya maka ba. Hularsa mai faɗi ya ba ni.

Wata uku na yi ina sharar filin. Nakan hango ta tana wucewa da sassafe, in ɗaga hannu, ta ɗaga, shi ke nan. Ana jibi zan tafi, da hantsi, sai ga ta ta nufo ni da ɗan ƙunshi a leda, an naɗe shi da salatif ta ko'ina.

"Bakano, an ce za ka riga ni."

Na ce haka Allah ya so.

"Wannan na Ummi ne. Riga ce da takalmi da wasiƙa. Ga kwatancen gidan a jiki. Ka kai shi yadda na ba ka. Kada ka ga ya rame ka ƙara masa wani abu."

Na ce in sha Allahu. Na tsaya ina jiran sauran maganar, ita ma ta san abin da nake jira. Ta gyara hijabinta ta ce, "Mako ukun ma na bar wa Allah. Ka gaida mutanen gida."

Da na sauka ban wuce ƙauye ba, Zariya na fara yi. A tasha na ga mai alewa, na sayi cike da aljihu, don a garinmu babba ba ya zuwa wurin yaro hannu sake. Na sami gidan, kakar ta yi mini shimfiɗa a zaure, aka kawo Ummi, 'yar siririya mai idon uwarta. Na miƙa ƙunshin da salatif ɗinsa yadda aka ba ni. Hannuna ya shiga aljihu, ya taɓa alewar, ya tsaya.

Na roƙi kakar ta kira mini Ramlatu a waya. Da ta ɗauka na ce saƙo ya iso lafiya, ban buɗe ba, ban ƙara ba, amma akwai alewa a aljihuna, ina neman izini.

Ta ce, "Guda biyu, Baba. Ko da yau Alhamis ce."

Na ƙirga biyu na ba yarinyar. Sauran na kai wa uwar 'ya'yana, wadda ta karɓa, ta dubi jakata guda ɗaya, ta ce in shigo tuwo yana hucewa.